Yadda Nake Bin Diddigin Tsofaffin Sunayen Titi

Wata tsohuwar ambulan ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Da hannun kakana aka rubuta adireshin da ke bayanta, amma sunan titin babu shi a ko wace taswira ta yau. Na ɓata makonni ina farautar sunan, kafin na gane cewa ƙasar da titin ke kwance a kai ya kamata in fara nema.

Saboda haka ka fara da abubuwan da ba sa gusawa: kogi, gada, layin dogo, maƙabarta. Samo taswira biyu, tsohuwa daga ofishin safiyo ko gidan adana kayan tarihi, da kuma ta wayarka. Daidaita waɗannan alamomi a kansu, sai ka bi lanƙwasar titin da yatsa. Suna yakan canja a dare ɗaya, kwanar hanya kuwa takan daɗe a inda take.

Daga nan sai neman shekara. Duk takardar da ke ɗauke da adireshi da kwanan wata tare, dukiya ce a wurinka: hatimin gidan waya, rasit, takardar fili, littafin lambobin tarho. Ni na fi jin daɗin tallace-tallacen tsofaffin jaridu, domin ɗan kasuwa ba ya wasa da adireshinsa, kuma wani lokaci har yakan ambaci tsohon sunan don kada masu saye su ɓace.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne zaton cewa suna ɗaya ne ke gadon ɗaya. Dubi wani babban titi a gabashin Balin, a Jamus. A Disambar 1949 aka haɗa Große Frankfurter Straße da Frankfurter Allee aka kira su Stalinallee, don bikin cikar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet a lokacin, shekara 70. A Nuwambar 1961, cikin dare, aka cire mutum-mutuminsa, aka raba titin gida biyu: yamma ta zama Karl-Marx-Allee, gabas ta koma Frankfurter Allee. Wanda ke riƙe da wasiƙar 1955 dole ya binciki lambar gidan kafin ya san ɓangaren da zai dosa. Kullum ka tambayi kanka: daga ina zuwa ina sunan ya tsaya?

Idan ka samu shekarar, duba wanda ke kan mulki. Titin Nevsky na birnin San Fitasbag, a Rasha, ya zama Titin 25 ga Oktoba a 1918, bayan juyin juya halin ƙasar, sai a 1944 aka mayar masa da sunansa.

Kada kuma ka raina bakin mutane. Tun 1945 hukumar birnin Niyok ta raɗa wa Sixth Avenue suna Avenue of the Americas, amma mazauna ba su daina kiran tsohon ba. Je wurin dattijon unguwa, ku tsaya a kan titin, ka ce, "Baba, me kuke ce wa nan kuna yara?" Kada ka riga shi ambaton wani suna, don kara kawai za ta sa ya amsa maka. A littafina nakan ware sunan hukuma daban, na baka daban, kowanne da shekararsa da inda na samo shi.

Titin kakana dai an haɗe shi da wata doguwar hanya, aka sake lambobin gidaje. Wani tsoho ne ya riƙe hannuna har ƙofar gidan, ambulan ɗin tana aljihuna.