Yadda za ka karanta alamar shekaru ta finafinan Amurka kafin ka kunna wa yara

Mutane da yawa in sun ga PG-13 ko R a jikin fim sai su ɗauka wata hukumar gwamnati ce ta zauna ta tace shi ta yanke abin da bai dace ba. A Amurka ba haka abin yake ba. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce da kanta take bayar da alamar, MPA, wadda a da ake ce mata MPAA, kuma ba doka ce ta tilasta ba, mai fim ne yake kai aikinsa ya biya kuɗi wasu iyaye su kalla su sa masa harafi. Tun Nuwamba 1968 ake wannan tsarin, zamanin da Jack Valenti yake shugabancin ƙungiyar.

Fara riƙe haruffan, biyar ne kacal. G na kowa da kowa. PG iyaye su sa ido. PG-13 akwai abin da ƙila bai dace da ɗan ƙasa da 13 ba, amma fa ba a hana shi shiga silima. R ɗan ƙasa da 17 sai da babba. NC-17 kuwa mai 17 zuwa ƙasa ba ya shiga ko da wa ya zo.

Sai ka duba shekarar da fim ɗin ya fito, nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Kafin 1984 babu PG-13 sam, daga PG sai R, saboda haka tsohon fim mai PG zai iya ɗauke da abin da zai hana yaro barci, ai Jaws na 1975 PG ne duk da kifin nan da yake cinye mutane a ciki. Ƙorafin iyaye kan finafinai irin su Gremlins ne ya sa aka ƙirƙiro matakin tsakiya.

Amma inda nake so ka fi daɗewa shi ne ɗan rubutun nan da ke kusa da harafin, wanda kusan kowa yake tsallakewa, a nan suke faɗin dalilin da ya sa suka ba shi wannan matakin. In ka ga violence to faɗa ne da zubar da jini, nudity tsiraici, language kuma ba yare ake nufi ba, ashar ne da zagi. Fim biyu za su iya samun R iri ɗaya, ɗaya don an yi ta ashar a hira kawai, ɗayan kuma don abin da ko kai babba sai ka kau da kai, to ta yaya harafi ɗaya zai faɗa maka bambancin nan? Kuma in ka ga Unrated kar ka ɗauka mai tsabta ne, sau da yawa shi ne wanda aka mayar wa da abubuwan da aka cire don a samu R.

In kana son gane yadda ake dafa abin daga ciki, nemi dokumentarin Kirby Dick na 2006, This Film Is Not Yet Rated, amma kai kaɗai za ka kalla don akwai tsiraici a ciki, shi kansa NC-17 aka ba shi, ƙarshe ya fita ba alama. Mutumin har mai binciken sirri ya ɗauka don ya gano su waye masu ba da alamar tunda ana ɓoye sunayensu. Zarginsa shi ne sun fi tsananta wa jima'i fiye da kisa, kuma sun fi sassauta wa manyan kamfanoni kan ƙananan masu fim. Ba dole ka yarda da duk abin da ya ce ba, ni dai batun kisan ne ya tsaya min a rai, fim zai hallaka mutane birjik ya samu PG-13 muddin ba a nuna jini sosai ba, kuma yara ne suke kallon wannan.

Daga nan sai ka buɗe IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, a shafin fim ɗin akwai sashen Parents Guide inda masu kallo suke lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da alamar BBFC, hukumar da ke sa wa finafinai alamar shekaru a Birtaniya, su 12A da 15 da 18, don wani lokacin sukan saɓa da ta Amurka a kan fim guda. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kalle shi kai kaɗai tukuna kafin ka kira yaran.