Kafin Ku Haɗa Na'urorin PBX Biyu

Jama'a, in za ku haɗa PBX na ofisoshi biyu, wato na'urorin da ke rarraba kiran waya a cikin ofis, don Allah ku fara raba lambobin cikin gida tukuna. Ofishi ɗaya ya riƙe 100 zuwa 199, ɗayan ya ɗauki 200 zuwa 299. In lambobin suka yi karo, mutum zai danna 105 yana neman akanta na can, sai wayar maƙwabcin teburinsa ta hau ƙara.

Daga nan ku sa wa na'urar farko doka: duk lamba mai lambobi uku da ta fara da 2, ta bi layin SIP (layin da ya haɗa na'urorin biyu) yadda take, kada a datse komai. Ta biyun kuma, masu farawa da 1.

In kira ya shiga amma murya shiru, yawanci ƙofar sadarwa ta 5060 kaɗai aka buɗe, wadda saƙon haɗa kira ke bi. Ku buɗe ƙofofin RTP ma, waɗanda murya ke bi.