Yadda za ku kare yaranku daga cin zarafi a waya da intanet

Galibin yaran da ake ci wa zarafi a intanet sun san masu yi musu. 'Yan ajinsu ne, ko 'yan unguwa, ko ƙawar da aka ɓata da ita. A guruf ɗin WhatsApp na aji ake farawa: a ɗauki hoton yarinya tana gyangyaɗi, a mai da shi sitika, duk sanda ta yi magana a jefo mata shi, sauran su bi da dariya. Ko a naɗi muryar yaro mai in'ina a riƙa turawa. Tsokanar makaranta tana ƙarewa in an tashi, wannan kuwa tana bin yaro har kan katifarsa da tsakar dare.

Abin da ya fi hana yara faɗa shi ne tsoron a ƙwace musu waya, ko a ɗora musu laifi. Don haka kafin ku taɓa wani saiti, ku yi wa yaro alkawari da bakinku: "Duk abin da ya same ki a waya, ko da ke kika fara kuskure, ki faɗa min. Ba zan dake ki ba, ba zan karɓe wayar ba." Sannan ku cika alkawarin ranar da abin ya zo. A gidajenmu akwai alkunya, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari, kuma akwai maganar da budurwa ba za ta iya yi da Baba ba ko da wuƙa a wuya. Ku zaɓar mata wata babba da take sakewa da ita, gwaggo ko inna ko yayarta, ku gaya mata ƙarara cewa za ta iya kai kukanta can. Namiji ma a haɗa shi da kawu ko yayansa.

Saita wayar kafin ta shiga hannunsa

Kuskuren da aka fi yi tun a shago ake yin sa. Mai sayar da waya ya buɗe Gmail da shekarun ƙarya don a yi sauri, sai wayar ta ɗauki ɗan shekara 11 a matsayin magidanci, duk kariyar yara ta tashi a banza. Ku buɗe asusun da kanku, da ainihin ranar haihuwar yaron.

A wayar Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, ku sauke manhajar Family Link ta Google a wayarku, ku buɗe wa yaro asusu daga cikinta, sannan ku shiga da asusun a wayarsa. In akwai wani tsohon asusu a kan wayar, sai an cire shi tukuna. Daga nan ba zai sauke manhaja daga Play Store ba sai kun amince, za ku iya ƙayyade awannin amfani a rana, ku sa wayar ta kulle kanta, misali daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe. A iPhone, Screen Time ne ke wannan aikin. Amma fa Family Link ba ya nuna muku saƙonnin da ake turo wa yaro. Wayar tana iya zama a kulle tsaf, ana zagin yarinya a guruf ba ku sani ba.

WhatsApp sai an bi shi da hannu. Ku shiga Settings, sai Privacy. Hoton fuska a mayar da shi My contacts. A Groups ma haka, don kada baƙo ya jefa yaro cikin guruf bai sani ba. A Calls ku kunna Silence unknown callers. Ku koma Account ku kunna Two-step verification da lambobi 6 da ku da yaron kaɗai kuka sani. Ku kuma ja masa kunne: wasu lambobi 6 na daban da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes ba a karanta wa kowa su, ko da mai kira ya ce shi malami ne zai sa shi a guruf ɗin darasi. Da su ake sace layin WhatsApp, a riƙa tura batsa ko roƙon kuɗi da sunan yaro.

TikTok da Facebook da Instagram da WhatsApp duk shekara 13 ne mafi ƙarancin shekarun da suka yarda da su. A TikTok, asusun wanda bai kai 16 ba a rufe yake zuwa kuma ba ya karɓar saƙon sirri, wanda bai kai 18 ba kuma ana sa masa iyakar minti 60 a rana. Duk wannan ya dogara da shekarun da aka rubuta. Ku haɗa asusunku da nasa ta Family Pairing, wanda ke cikin saiti: wayarku za ta fito da lambar QR, a ɗauke ta da wayar yaro.

In yaro wayar Mama yake ara, a sauke masa YouTube Kids, a sa makulli a sauran manhajoji. Da dare kuma a yi cajin wayoyin yara a falo ko ɗakin iyaye.

Idan abin ya riga ya faru

Alamun sukan fito kafin magana. Yarinya ta firgita in saƙo ya shigo, ta kifa wayar in an matso, ta fara ciwon kai ko ciwon ciki duk safiyar makaranta, ta daina cin abinci da barci. Kada ku tsare ta da tambaya a gaban ƙannenta. Ku keɓe da ita, ku saurara har ta gama.

Sannan ku bi tsari, domin nan ake yawan ɓata lamari. Hujja ce farko. Ku ɗauki hoton allo na saƙonnin yadda lambar waya ko sunan asusu da kwanan wata za su fito, ku kwafi adireshin shafin mai zagin, ku adana a wayarku. Sai bayan haka a kai rahoto a toshe shi. Masu fara gogewa da fita daga guruf cikin fushi sukan je makaranta hannu rabbana, a ce musu ina shaida. In kun danna Report a WhatsApp, saƙonni 5 na ƙarshe na mutumin ne ke tafiya ga kamfanin. Kada yaro ya rama, kada ku ma ku shiga guruf kuna zagin 'ya'yan mutane, don za a yanki naku zagin a yaɗa a bar nasu. In 'yan makaranta ɗaya ne, ku kai hujjar ga malamin aji ko shugaban makaranta, ku nemi a kira iyayen ɗaya yaron a gabansu, ku tsayar da ranar da za ku dawo jin abin da aka yi.

Barazana da hoton tsiraici ta fi komai haɗari, kuma samari matasa ake yawan farauta da ita. Asusu mai hoton kyakkyawar budurwa zai fara hira, ya turo hoto, ya nemi a rama masa. Da yaro ya tura, sai murya ta canja: a turo kuɗi yanzu ko a watsa wa 'yan uwa da abokai. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da goge asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda wannan sana'ar. 'Yan mata kuma sau da yawa saurayi ne ke riƙe hoton ya riƙa juya su da shi. Hoton da ake turawa a buɗe sau ɗaya ma bai tsira ba, da wata wayar ake ɗaukar sa.

Kada ku biya ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya ana dawo masa. A daina amsawa, amma kada a goge asusun ko hirar. Ku adana saƙonnin barazanar da lambar asusun bankin da aka turo, amma hoton kansa kada ku tura wa kowa, ko da ɗan uwa ne, domin yaɗa hoton tsiraicin yaro laifi ne a sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. Sashe na 24 kuma ya shafi barazana da tsangwama ta intanet. Nijar ma tana da irin wannan dokar tun 2019. Akwai shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kare yara daga cin zarafi, kyauta ne ga hoton da aka ɗauka kafin mutum ya kai 18: hoton ba ya barin wayar, wata lamba ta musamman ake cirowa daga gare shi, su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita su gano shi su cire. Ba ya isa cikin hirar WhatsApp, don haka sai an haɗa da hukuma. A Najeriya ku kai ƙara ga cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda ko ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP mafi kusa, da hujjojin a hannu.

In yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce ya jawo wa gida abin kunya, kada ku ɗauke shi a matsayin zancen yara. A ranar ku kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyin magani daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai ko da dare, a kai shi asibiti ya ga likita.