Feshin kare kwale-kwalen roba da kayan fita daji: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya sayi ƙaramin kwale-kwalen roba, irin wanda ake kira kayak, tambayarsa ta farko ita ce me zai fesa masa ya daɗe. Kafin ma a ba shi amsa ya riga ya faɗa kasuwa ya ɗauko gwangwanin da ya fi ƙyalli. Bayan 'yan watanni sai ya dawo da ƙorafi, wai an sayar masa da jabu. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Galibin waɗannan kwale-kwalen da robar poliyetilin ake yin su, irin wadda ake yin tankin ruwa da ita. Ruwa ba ya yi mata komai. Abin da ke kashe ta shi ne rana, musamman ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Yakan karya ƙwayoyin robar sannu a hankali: launi ya koɗe, fuskarta ta yi fari-fari, daga nan ta yi gautsi. Wanda ya taɓa zama a kujerar robar da ta shekara a tsakar gida, ƙafarta ta ɓalle da shi a gaban baƙi, ya san abin da nake nufi. Aikin feshi na gaskiya shi ne rage wannan ɓarna. Sheƙi ba ya cikin lissafi.

To ga babban laifin, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: fesa wa jirgi man goge taya ko na dashbod. Ina da wani jirgi na leda mai kauri irin ta PVC, wanda ake hura wa iska. Na tsaya wajen wankin mota da shi a kan rufi, na ce a ɗauraye masa laka. Yaron, da kyakkyawar niyya, ya gama wanki ya ɗauko man tayarsa ya bi jirgin kaf, yana jiran in yaba. Ya yi kyau kuwa. Sai da ƙaya ta huda shi daga baya na ga ta kaina. Na shafa gam, na ɗora faci, ya ɓare. Na goge da asiton, sinadarin cire maiƙo, na bi da samfefa, na sake ɗorawa, ya sake ɓarewa a tsakiyar ruwa. Silikon ɗin da ke cikin man tayar ya riga ya shiga jikin ledar, kuma gam ba ya kama inda silikon ya zauna. Haka na haƙura da jirgin da bai tsufa ba, saboda man da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Kada mai kwale-kwalen roba mai tauri ya ce abin bai shafe shi ba. Poliyetilin dama can gam ba ya kama ta sosai, sai dai a yi mata walda da iska mai zafi, kuma waldar tana son wuri tsaf, babu maiƙo. Ga kuma santsi. Ka fesa wa mazauni, da wurin taka ƙafa, da sandar filafili, sannan ka kife a ruwa mai zurfi ka ce za ka hau jirgin da hannu ba ya kama shi? Wannan ganganci ne da rai, ba ado ba. Ni dai dokata ita ce: duk inda hannu ko ƙafa ko mazaunai za su taɓa, feshi ba ya zuwa. In kuma za ka kai mota wanki, sauke jirgin tukuna, ko ka tsaya a kan yaron har ya gama.

Abin da nake amfani da shi shi ne 303 Aerospace Protectant, wanda na ruwa ne, ba ya barin maiƙo. Shi ma mutane kan lalata aikinsa. Sai su fesa lumtsum su tafi, wai ya bushe da kansa. Ba ya bushewa da kansa, a jikin kwalbar ma an rubuta. A wanke jirgi da ruwa da ɗan sabulu, a bari ya bushe, a fesa kaɗan a inuwa, a goge da busasshen tsumma har sai babu danshi. Ni a tsumman nake fesawa, ba a jikin jirgin ba. Ya fi auki, kuma iska ba ta kai shi inda ban so. Masu yin sa sun ce a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 5 ga abin da ke zama a waje. Wanda ya fesa sau ɗaya ranar da ya saya ya ce ya gama, ya yaudari kansa. Ko da wannan ɗin, in na san zan yi faci a wani wuri, nakan tsallake wurin.

Masu shafa baƙin mai, ko basilin, ko WD-40, feshin nan na kwance tsatsa, a murfin roba da igiyoyin roba na saman jirgi, ku daina. Duk abin da aka samo daga man fetur yana kumbura irin wannan roba ya sa ta saki. Gaskiya ne mai yakan dawo da launin robar da ta koɗe na ɗan lokaci, amma in hunturu ya shigo ƙura ce za ta manne ta zama dauɗa. WD-40 na ƙarfe ne, a bar shi a kan ƙarfe.

Na biyu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar feshi a madadin inuwa. Za ka ga mutum ya kashe kuɗi ya sayo kwalba daga waje, amma jirginsa na kwance kan siminti a bayan gida, rana na dukansa tun daga watan Maris har damina ta sauka. Haba malam! Feshi ba ya tare zafi. Poliyetilin in ta ɗauki zafi laushi take yi, nauyin jirgin ya danne cikinsa, ya lotsa. Mafi muni shi ne wanda ke barin sa ɗaure tamau a kan mota kwana da kwanaki. Igiyar za ta bar masa rami, kuma jirgin da cikinsa ya lotsa ba ya tafiya miƙe. Ajiye shi a gefensa ko a kife, a kan faffaɗan maɗauri biyu, ƙarƙashin rumfa. Kada a rataye shi ta hannayen ɗauka na gaba da baya, zai lanƙwashe. In tamfol za ka rufa, ɗaga shi sama iska ta riƙa ratsawa, don wanda aka naɗe jirgi da shi zafi da danshi kawai yake tarawa. Lotsawar da ba ta yi tsanani ba takan tashi in an kife jirgin a rana na 'yan awowi, ko aka zuba masa ruwan zafi ta ciki aka tura da hannu. Mai hurawa kuwa, rage masa iska da zarar ka fito da shi tudu, in ba haka ba zafi ya ƙara matsin iskar har haɗin ya buɗe.

Sai feshin hana ruwa shiga tanti da riguna da takalma. Nan maganar ta wuce ta asarar kuɗi. Na taɓa shiga ɗakin wani abokin tafiyarmu na tarar ya baje tanti yana fesawa, taga a rufe saboda sauro, yana tari yana ci gaba. Wannan hazon in ya shiga huhu yana iya kai mutum asibiti. A ƙarshen 1992 a Amurka wani feshin kare kayan fata ya jefa mutane da yawa cikin sarƙewar numfashi, haka ma a Jamus a 2006 wani feshin gilashi da tayil ya yi irin wannan ɓarna har aka janye shi daga kasuwa. A fesa a waje, iska na bayanka, yara ba sa kusa, ba a shan taba.

Rigar ruwa irin ta Gore-Tex in ta fara jiƙewa, yawanci dauɗa da gumi ne suka danne maganin hana ruwa da ke jikinta. Wanke ta da sabulun da aka yi don irinta, kamar na Nikwax ko Grangers, ba omo ba, ba kuma ruwan laushin kaya ba. Sannan a ba ta ɗan zafi, minti 20 a na'urar busar da kaya, ko a goge da dutsen guga mai ɗumi an shimfiɗa tawul a tsakani. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ruwa bai koma yin ƙwallo-ƙwallo yana gangarewa ba, sannan a fesa. Wanda ya fesa kan dauɗa ya zubar da kuɗinsa.

Tantin da ke yoyo kuma a duba ɗinkinsa tukuna. In tef ɗin ɗinki ya ɓare, ko rufin cikin yadin yana saɓulewa yana wari, feshin waje ba zai gyara ba. Wani lokacin ma ba yoyo ba ne, numfashinku ne ya taru a rufi cikin dare. Kuma kada a naɗe tanti da danshi.

Sauran ƙanana ne. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana narkar da wasu robobi, fuskar agogo da tabarau na ciki, don haka a wanke hannu bayan an shafa. Igiyar hawan dutse da ɗamararta ba a fesa musu komai. Gwangwanin feshi ba ya kwana a motar da ke rana, a jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. Kada a yi feshi a bakin tafki, ko a Jabi ne ko a Tiga, akwai masu kamun kifi da masu shan ruwan. Kuma in za ka sayi na hana ruwa, nemi wanda aka rubuta ba shi da PFAS, sinadaran nan da ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da yawancin yadudduka masu ɗauke da su tun farkon 2025, kuma marasa su yanzu sun yawaita, sai dai sun fi bukatar a riƙa maimaitawa.