Maganar da ake ta ɗagawa zuwa gobe: inda 'yan kasuwarmu suka fi yin kuskure

Da wuya ka zauna da ɗan kasuwa a Garwa ko Marwa ko Kusiri, a arewacin Kamaru, ba ka tarar yana da wata magana da ta tsaya masa a wuya ba. Wani kawunsa yake bi bashi tun kafin azumi. Wani yaron shago ne, kaya sun jiƙe a hannunsa a hanyar Ngaundere, har yau bai gaya wa ubangidansa ba. Wani kuma littafin lissafinsa ne ya yi ƙura a ƙarƙashin tebur, don ya san abin da zai gani in ya buɗe. Babu rago a cikinsu. Mutumin da ke yini a tsaye cikin zafin Afrilu na Garwa, wanda kan haura digiri 40, bai kamata a ce masa malalaci ba. Tsoro ne ke damunsa, tsoron ɓacin ran da zai biyo baya.

Kuskuren farko shi ne jiran ranar da zuciya za ta yarda. Ba za ta yarda ba. Duk ranar da ka ɗage maganar sai ka ji wani sauƙi, wannan sauƙin kuwa shi ke koya maka ka sake ɗagewa. Har ma za ka ga mutum ya kama wani aikin da ƙwazo: ya share shago, ya sake jera turamen atamfa, ya je duba rashin lafiyar da bai yi niyya ba, don dare ya yi ya ce ai bai samu sarari ba. "Zan yi masa magana cikin satin nan" ba niyya ba ce. Ka ɗaure maganar da abin da ba ya tsallakewa: ranar Talata, da an sallame la'asar, zan bi shi gida. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, don ya tambaye ka ranar Laraba.

Na biyu, wanda ya fi cin dukiya, shi ne zaton cewa jinkiri kyauta ne. Masu hulɗa da Mubi da Yola da Maiduguri sun ga ƙarshen wannan zato. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, dalar Amurka ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,400 a farkon 2024. Sefa kuwa tana nan ɗaure da yuro, kusan 656 kan yuro ɗaya. Wanda ya ba da kaya bashi da naira, ya yi ta jin nauyin tambaya, ko da an biya shi cif-cif daga baya, abin da ya canja zuwa sefa bai kai abin da ya fitar ba. Doka ma ba ta jiran mai kawaici. A ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka da Kamaru da Chadi ke ciki, damar kai ƙara kan bashin kasuwanci takan ƙare bayan shekara 5, ta cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa kuwa shekara 2 ce. Na san yawancinmu ba ma kai ɗan'uwa kotu, kuma ban ce a kai ba. Amma wanda ake bi, in ya ga shiru ya yi tsawo, shi ma a zuciyarsa ya fara ɗaukar cewa an yafe.

Sai kuma masu zuwa har gida su dawo da maganarsu a baki. Wannan kam kowa ya taɓa gani. An shimfiɗa tabarma, an kawo shayi. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa, an yi maganar tsadar man fetur tun da Najeriya ta cire tallafi, an yi maganar farashin albasa, aka kira magariba, baƙo ya miƙe ya ce "dama gaisuwa na zo yi". Mai gida kuwa ya san sarai abin da ya kawo shi. Gaisuwa dole ce, ba wanda zai ce ka yanke ta. Abin da ya rage shi ne ka shirya jimlar farko tun daga gida, ka faɗe ta da zarar an sha kofin farko:

"Kawu, bayan gaisuwa, akwai maganar da ta kawo ni. Kuɗin shinkafar nan ne, jaka 200, wato sefa dubu 200. Mai kayan ya matsa mini, ina so mu tsayar da rana."

Daga nan ka yi shiru. Nan ne mutane da yawa ke rushe ginin da suka yi, sai ka ji sun ƙara da "amma fa babu gaggawa". Akwai gaggawa, shi ya sa ka zo. Ka bar shi ya yi magana. In yana cikin matsi da gaske, Alƙur'ani ya ce a jira shi har ya samu sauƙi, sai ku raba biyan kashi-kashi, ko ta Orange Money ce, hanyar tura kuɗi ta waya, yana turo jaka 20 duk Juma'a. In kuma yana da hali yana ja, kunyar mara kunya asara ce.

Turo saƙon murya ta WhatsApp da tsakar dare ba magana ba ce, gudu ne. Saƙon zai yi minti bakwai, a tura wa wasu, a yi ta fassara muryarka. Zuwa da kai ya fi aike. Mai shiga tsakani yana da ranarsa, musamman in wanda za ka fuskanta surukinka ne ko sa'an mahaifinka. Amma ka nemi dattijo ɗaya mai riƙe sirri, ku je tare, kada ka aike shi kai kana shago.

Yaran shago su ne suka fi ba ni tausayi a wannan sha'ani. Yaro ya yi asarar jaka 50, sai ya ɓoye, yana fatan ya cike da ribar gobe. Ya ɗauki kuɗin wannan ya toshe ramin wancan, kafin a ankara abin ya ninka, kuma yanzu ba asara ake kira ba, cin amana ake cewa. Ubangida yakan manta da kuɗi, amma ba ya manta cewa a bakin direba ya fara jin labari. Ka je da wuri, da lissafi a rubuce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, buhu huɗu sun jiƙe, ga yadda aka yi, ga abin da za a iya sayarwa da ragi." Zai yi faɗa, babu shakka. Ka tsaya ka sha, kada ka fara da kare kai.

Akwai kuma mai haƙurin wata shida da ke fashewa rana ɗaya a tsakiyar kasuwa, ya tono har da na shekaran jiya a gaban jama'a. Gaskiyarsa ce, amma da yamma shi za a sa ya ba da haƙuri. Magana ɗaya ake kawowa a zama ɗaya, kuma a keɓe.

Batun littafi da takardun haraji ya fi sauƙi, don takarda ba ta yi wa kowa tsawa. Kada ka ce yau za ka gama lissafin shekara. Da safe, kafin masu saye su fara zuwa, ka buɗe shafi ɗaya, ka rubuta sunan masu bashi kawai da abin da ake bin kowa. Gobe ka sa kwanan wata. Sabon bashi kuma kada ya fita sai an rubuta shi da ranar biya, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, kowa ya ɗauki hoton shafin a wayarsa kafin a ɗora kaya a amalanke.