Yadda ake haɗa manhajar shago da sabar da ke nesa ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba

Manhajojin lissafi da na ajiyar kaya da ake aiki da su a shagunan Damagaram, daga farmasi zuwa masu sari a kasuwar Dole, da yawansu an rubuta su ne da tunanin rumbun bayanai yana cikin kwamfuta ɗaya da su. Adireshi ɗaya suka sani, 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta. Ranar da Alhaji ya buɗe reshe a Zango, ko ya mayar da rumbun kan saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke haɗuwa da ita daga nesa, a Yamai mai nisan kusan kilomita 900, sai manhaja ta tsaya cik.

Abin da ya fi sauƙi a wajen mai gyara shi ne ya buɗe ƙofar rumbun, wato lambar mashigar da ake isa gare shi ta cikinta, ga intanet gaba ɗaya: 5432 in manhajar rumbun PostgreSQL ce, 3306 in MySQL ce. Don Allah kada ka yi haka. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi da cankar kalmar sirri. A cikin rumbun kuwa akwai sunayen waɗanda ake bi bashi, da farashin sari, da lambobin wayar mutane. Amana ce aka ba ka.

Hanyar da ta dace ita ce bututun SSH, wato manhajar da ke haɗa kwamfutoci biyu ta hanya a rufe, ba mai iya leƙa abin da ke wucewa. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro SSH a Finland a 1995, OpenSSH ya fito a 1999, kuma tun 2018 yana zuwa a cikin Windows 10, don haka ba sai an sayi komai ba. Manhajar za ta ci gaba da magana da 127.0.0.1 yadda ta saba, SSH kuma ya ɗauki maganar a rufe ya kai ta saba ta ƙofa ta 22.

Da farko, a kwamfutar shago, ƙirƙiri makulli:

ssh-keygen -t ed25519

Fayil biyu za su fito. Mai ƙarewa da .pub kamar kwaɗo yake, kana iya miƙa shi ga kowa ya rataya a ƙofarsa. Ɗayan shi ne makullin kansa, kuma ba ya barin kwamfutar da aka haife shi a ciki: ba a tura shi ta WhatsApp, ba a yawo da shi a kile ta USB. In ta tambaye ka kalmar kariya, sa mata doguwa.

Na biyu, a sabar, buɗe asusu na musamman don wannan aiki, a ce sunansa shago, wanda ba shi da ikon shugaba. Zuba abin da ke cikin fayil ɗin .pub a ~/.ssh/authorized_keys na asusun. Nan ne ya kamata ka natsu, domin nan ne izini yake. In ka zuba shi haka kawai, duk wanda ya riƙe makullin zai shiga sabar ya yi yawo yadda ya ga dama. A farkon layin, kafin kalmar ssh-ed25519, rubuta wannan ka bar tazara ɗaya (misalin na PostgreSQL ne; in MySQL ne, sa 3306 a madadin 5432 a nan da kuma a umarnin bututun):

restrict,port-forwarding,permitopen="127.0.0.1:5432",command="/bin/false"

Da wannan, makullin ba zai gudanar da wani umarni a sabar ba, kuma bututunsa ba zai kai ko'ina ba sai ƙofar rumbun. Kowace kwamfuta da nata makulli da nata layi, ka kuma rubuta sunanta a ƙarshen layin, misali reshen-zango. Na san ya fi wuya a kan raba makulli ɗaya ga kowa, amma wahalar ta mintoci ce.

Na uku, buɗe bututun daga shago:

ssh -N -L 5432:127.0.0.1:5432 shago@adireshin-saba

A karon farko zai nuna maka wani dogon tambari da ke farawa da SHA256, ya tambaya ko ka yarda da wannan saba. Kada hannunka ya yi saurin amsawa. Kira wanda ke kula da sabar a waya, ya buga ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub ya karanta maka abin da ya fito, kai kana bi da ido harafi bayan harafi. In sun saɓa, kada ka yarda, domin mai yiwuwa wata na'ura ce ta tsaya a tsakaninku. Bayan nan buɗe manhajar ba tare da ka taɓa saitinta ba. Za ta tambayi kalmar sirrin rumbun kamar kullum.

Idan komai ya yi, rufe shiga da kalmar sirri: a /etc/ssh/sshd_config sa PasswordAuthentication no, ka sake tayar da sshd, wato manhajar SSH da ke aiki a sabar. Amma ka tabbata naka asusun na kulawa yana da makulli, ka bar taga ɗaya a buɗe, ka gwada shiga ta wata kafin ka rufe ta farkon. In ba haka ba, ka kulle kanka a waje, sabar kuma tana Yamai.

Sai batun rezo da kuran, wato yankewar layin sadarwa da ɗaukewar wuta, wanda duk mai aiki a garin nan ya san shi. Bututu yakan mutu shiru idan layi ya yanke, yaron shago yana ta danna manhaja ba ta motsi. Ƙara wa umarnin -o ServerAliveInterval=30 da -o ExitOnForwardFailure=yes. Na farkon yana taɓa sabar duk daƙiƙa 30, in ta yi shiru sau uku ya yanke. Na biyun yana sa SSH ya fita in bututun ya kasa buɗuwa. A Linux, wata 'yar manhaja mai suna autossh za ta sake haɗawa da kanta. A Windows, ɗan fayil mai maimaita umarnin ya isa. Don kada ya riƙa tambayar kalmar kariya kowane lokaci, ba wa ssh-agent, manhajar da ke riƙe makulli a buɗe, makullin da safe.

Ranar da aka sace kwamfutar reshe, ko wani yaro ya bar aiki, shiga authorized_keys ka goge layin da ke ɗauke da sunan kwamfutar, ka yanke haɗin da ke buɗe a lokacin, sannan ka canja kalmar sirrin rumbun a ranar. Sauran rassan za su ci gaba da aiki da nasu makullan, sai dai ka kira su ka ba su sabuwar kalmar.