Saurin cinyewar tayoyin gaba a motar dizal: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A motar da ke ja da gaba, tayoyin gaba ne ke jan mota, su ne ke juya ta, kuma su ne ke ɗaukar kaso mafi yawa na birki. Motar fetur ma haka take, sai dai dizal ta ƙara musu abu biyu. Injinta ya fi nauyi, domin matsin da ake yi wa iska a cikin silinda ya fi na fetur sosai, dole a yi masa bulok da fistin masu kauri, ga tabo (turbo) mai cusa wa inji iska, ga babban batir, duk a hancin mota. Sannan ƙarfin jansa yana zuwa da wuri, tun yana juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti, wato daidai lokacin da ake tashi daga tsaye. Saboda haka in tayoyin gaba sun riga na baya ƙarewa, ko da kusan ninki biyu ne, ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ba daidai ba shi ne gefe ɗaya ya suɗe ɗayan yana nan da zanensa, ko tayar hagu ta ƙare ta bar ta dama. Wannan ba halin dizal ba ne. Akwai abin da ya lalace ko aka saita ba daidai ba, kuma tayar da kanta za ta nuna shi.

Cire tsohuwar taya ba a karanta ta ba

Wannan shi ne kuskuren da ke haifar da sauran. Mutum ya ga taya ta cinye, ya sayi sabuwa, a jefar da tsohuwar, bayan 'yan watanni sabuwar ta bi sahunta. Kafin a kwance komai, ka ja birkin hannu, ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka kashe mota, ka tsuguna ka duba gefen ciki. Nan ne ɓarnar ke ɓuya. Ana samun tayar da daga waje kamar sabuwa, amma a ciki wayoyi sun fara leƙowa.

Ka auna zurfin zanen da ɗan gejin zurfi a wuri uku: ciki, tsakiya da waje. Sabuwar taya takan zo da milimita 7 zuwa 8, kuma a cikin ramukan zanen akwai ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6, waɗanda in roba ta sauko daidai da su taya ta gama aiki. In bambancin ciki da waje ya kai milimita ɗaya da rabi ko biyu, akwai magana.

Daga nan ka shafa tafin hannu a kan zanen, daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, ta ɗayan kuma kaifi kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ya kauce daga saiti, wato gabansu ya tsuke ciki ko ya buɗe waje. In gefe ɗaya ya suɗe sumul babu kaifi, an fi zargin jinginar taya, wato kamba. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. Tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa. In kuwa ka bi da'irar tayar ka ji kwari da tudu suna maimaituwa, ka duba shakazoba da balansin.

Iska

Mutane da yawa suna sa wa kowace taya awo ɗaya da suka haddace tun motarsu ta farko. Wasu kuma suna karanta lambar da ke jikin taya su cika ta zuwa nan, alhali wannan lambar iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Awon gaskiya yana kan takardar da ke manne a ƙofar direba ko a cikin murfin tankin mai. Ka duba layin da ya dace da girman tayarka da injinka, domin sau da yawa samfurin dizal yana neman iskar gaba fiye da na fetur, ko da jikin motar iri ɗaya ne. Akwai kuma layi na daban don lokacin da aka cika mota da mutane da kaya.

Ana auna iska ne taya tana sanyi, wato mota ta huta kamar awa uku, ko ba a yi fiye da kilomita biyu zuwa uku da ita ba. Bayan doguwar tafiya awon yakan hau da bar 0.2 zuwa 0.3, kimanin psi 3 zuwa 4. Wanda ya ga haka ya sace iskar don ta dawo daidai, washegari zai tashi da taya mai ƙarancin iska, ga nauyin injin dizal a kanta. Kafaɗunta za su riƙa lanƙwasawa suna zafi, su cinye, mai ma ya ƙara tafiya. Lafiyayyar taya takan rasa kusan psi 1 a wata ba tare da huji ba, don haka a riƙa dubawa ko sau ɗaya a wata. Ka mallaki gejinka. Na wurin shan iska yana shan faɗuwa, ba kowane ne ke faɗar gaskiya ba.

Yin alaimen a kan kayan ƙafa da suka mutu

A nan aka fi asarar kuɗi. Na'urar alaimen, wato saita kusurwar tayoyi, tana auna mota ne a tsaye. In bushin, wato robar da ke jikin lowa-am (ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota ta ƙasa), ya tsage, ko kan tayarod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya) yana wasa, ko boljoin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta) ya saki, na'urar za ta nuna komai ya yi kore, amma da an hau titi an taka totur sai ƙarfin inji ya ja tayar gaba, da an taka birki ta koma baya, saitin ya tashi a banza. Motar dizal ta fi saurin kashe waɗannan bushin, musamman babban na bayan lowa-am, saboda nauyi da fizgar da yake sha.

Binciken ba shi da wuya. A ɗaga mota, a sa mata tsayayyen abin tokare, kada a dogara da jak kaɗai. A kama taya ta dama da hagu a girgiza: in akwai wasa, tayarod ne na ciki ko na waje. A kama ta sama da ƙasa: in ta motsa, boljoin ne ko boris na ƙafa. A sa ƙarfen banƙara a jikin lowa-am a danna, ana haska roba da tocila. Ƙananan tsage a fatar roba ba komai, amma in roba ta rabu da ƙarfenta, ko irin mai ruwa a ciki ya zubar da ruwansa, ya mutu. Kuma in an sa sabon bushin, kada a ƙarasa ɗaure notinsa mota na rataye a sama. A sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ɗaure. In ba haka ba roba za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri.

Sai an gama wannan ake zuwa alaimen, kuma yadda ake yin sa ma akwai gyara. Saitin baki, wato ko gaban tayoyin biyu ya tsuke ciki ko ya buɗe waje, shi ne ya fi kowane kusurwa saurin cin roba. Lissafin a fili yake: tayar da ta kauce da rabin digiri kacal, ana jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Ido ba zai ga rabin digiri ba, direba ma ba lallai ya ji ba, domin in tayoyin biyu sun kauce daidai wa daida mota za ta tafi miƙe tana cin tayarta shiru. Buɗewa waje yana cin gefen ciki, tsukewa ciki yana cin gefen waje. Don haka maganar cewa "ai motata ba ta ja gefe" ba hujja ba ce.

A nemi a auna ƙafa huɗu, ba gaba kawai ba. In ƙafar baya ta karkace, motar za ta riƙa tafiya a ɗan gicciye, direba yana gyarawa da sitiyari bai sani ba, tayoyin gaba su biya bashin. A tabbatar mai aikin ya zaɓi ainihin samfurin motar a kwamfuta, ya daidaita iska kafin ya fara, ya kulle sitiyari a tsakiya, ya raba gyaran tsakanin tayarod na hagu da na dama maimakon ya murɗa ɗaya kawai. A karɓi takardar awon kafin gyara da bayan gyara. Motoci da yawa ba a saita kambarsu ta gaba. In ta fita daga iyaka a irinsu, wani abu ne ya lanƙwashe bayan faɗawa rami ko dukan gefen titi, ko sifirin ya zauna. Murɗa tayarod ba zai gyara wannan ba.

Sifirin da shakazoba na motar fetur

Wannan kuskuren ya keɓanta da dizal, kuma ba a cika lura da shi ba. Sifirin ɗin gaba na samfurin fetur yakan shiga na dizal daram, tsayinsa ma kamar ɗaya, amma an yi shi ne don injin da bai kai wannan nauyi ba. Da an sa shi sai hancin mota ya sauka, kusurwar tayoyi ta canja, gefen ciki ya fara tafiya. A sayi sifirin da shakazoba da lambar shasi, a kuma canja su bibbiyu, hagu da dama tare. Don gane ko sifirin ya gaji, a ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, a auna daga tsakiyar rim zuwa bakin mudgad a kowane gefe. In gefe ɗaya ya fi ɗayan sauka da fiye da santimita ɗaya, a duba, wani lokaci zagayen ƙarshe na sifirin ne ya karye ya ɓuya a cikin mazauninsa. Shakazoba mai zubar da mai kuwa ba ya iya danne taya a ƙasa, sai ta riƙa tsalle, ta yi wannan cin na kwari da tudu, tana gurnani kamar boris ya mutu.

Sayen taya da girma kawai

A jikin taya za ka ga rubutu irin 205/55 R16 91V. Kowa yana duba na farkon, kaɗan ne ke duba 91 ɗin. Wannan lambar nauyi ce: 91 tana ɗaukar kilo 615, 94 kuma kilo 670. In takardar motarka ta ce 94 ko ta nemi mai alamar XL, wato taya mai ɗaukar ƙarin nauyi, to kada ka sauka ƙasa da haka don sauƙin kuɗi. Kuma mai XL ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai an ba ta iskar da ta dace. A guji haɗa taya iri biyu a gaba, domin ƙarfin dizal zai fi murza wadda ta fi rauni, motar ta riƙa fizga gefe in an taka totur. A duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a jikin taya, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye robarta ta bushe, tana tsagewa tun zanenta bai ƙare ba.

Ƙafar direba

Ba kowane laifi ne na ƙarfe ba. Tashi da ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu, musamman sitiyari na murɗe a mahaɗa ko shataletale, yana goge kafaɗar waje ta tayar da nauyi ya koma kanta. In fitilar hana sulɓi tana yawan ƙiftawa lokacin tashi, roba ce ke tafiya. Murɗa sitiyari mota na tsaye cik shi ma yana niƙa taya a wuri ɗaya, kuma saboda sitiyarin zamani ba shi da nauyi a hannu, direba ba ya jin abin da tayar ke sha. A bar mota ta ɗan motsa kafin a juya. Wanda kuma ya sa aka taɓa kwamfutar inji don ƙarin ƙarfi, ya san cewa tayoyin gaba da bushin ne za su fara biya.

Rashin sauya wa tayoyi wuri

Kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri, sai dai in littafin motar ya faɗi wani abu daban. A mai jan gaba, na gaba su koma baya a gefensu, na baya su zo gaba a gicciye. In tayar mai kibiya ce da ke nuna inda za ta juya, gaba da baya kawai ake yi, a gefe ɗaya. Amma kada a yi amfani da sauyin wuri don rufe cin gefe ɗaya. Yin haka ba a gyara musabbabin ba, tayoyi huɗu ne za su lalace maimakon biyu. In biyu kawai za a saya, masu ƙera taya suna ba da shawarar a sa sabbin a baya, domin in baya ta kwace a kan jiƙaƙƙen titi ta fi wuyar kamawa. A ɗaure notin ƙafa da sifanar awo gwargwadon abin da littafin mota ya ce.

In taya ɗaya ce kaɗai ke cinyewa, alaimen kuma ya fito daidai, a duba birki. Bayan tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka kusantar da hannu ga rim ɗin hagu da na dama, kada ka taɓa faifan. In ɗaya ya fi zafi sosai, kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, ita ce ke riƙewa. A kwance ta, a wanke filolin da take zamewa a kai, a sa musu man shafawa na birki, a duba ko fistin ɗinta yana komawa. A juya tayar a kan na'urar balansin kuma a kalli bakin rim, domin rim da ya lotsa ta ciki ba ya nunawa daga waje, kuma ko an cika shi da dalma ba zai daina cin taya a wuri ɗaya ba.